Na Gode Tun Ƙahon Farko

Ko yaron da bai iya ɗaura wando ba a garinmu ya san ba a yi wa mai zuba terere godiya sai an ƙoshi. An miƙo maka ƙahon saniya cike da dakakken ganye da ruwan sanyi, ka kafa baki a bututun ƙarfen, ka zuƙe har ya yi ƙara, ka mayar shiru. Ƙahon zai zagaya kowa ya dawo kanka. Da zarar ka ce "na gode", ka ce a riƙa tsallake ka ke nan. To, Ña Liduvina Cabañas, Lidu a bakina (Ña girmamawa ce da muke yi wa manyan mata), ta haura shekara talatin tana faɗin kalmar nan tun kafin ƙaho ya taɓa hannunta, har sunanta na yanka ya ɓace, yara da manya suka koma kiranta Ña Na-gode. Shingen waya ne kawai tsakanin gidana da nata. Ni ce Felicita mai chipa, burodinmu na rogo da cuku, ni ce wadda ke tare motoci a bakin titi da kwando a ka, kuma ni na riƙe 'yarta a coci ranar baftisma. In ban ba da labarinta ba, ban ga mai bayarwa ba.

Da ba haka take ba. Lokacin da Críspulo ya auro ta daga ƙetaren kogi, ita ce ƙarama a gidan surukarta Ña Eduvigis, saboda haka zubin terere ya faɗo kanta. Kuma ta iya, Allah ya gani. Ta san saiwar da za ta daka da na'ana'a, ta san yadda za ta kwantar da ganye gefe guda don kada bututu ya toshe. Zubin farko da busasshen ganye ke shanyewa, wanda muke cewa rabon Waliyyi Toma ne, takan bar masa kamar kowa, amma ita har sannu take yi masa. Maza kan baro gonar auduga tun hantsi bai gama ba, su taru gindin mangwaron gidan, wai sun zo gaida tsohuwa. Ƙarya suke, ruwan Lidu suka biyo.

Wata ranar zafi ƙanin mijinta Wilfrido ya zo hutu daga barikin soja. Ina wurin, ba wani ya faɗa min ba. Idanunsa sun yi ja, hanci na yoyo, yana ɗan tari, ga wasu 'yan ƙuraje a wuyansa da ya ce aikin kuɗin cizon bariki ne. Ya zauna ƙarshen da'ira, wato daga bakinsa sai bakin mai zubawa. Lidu na da ƙaramin ciki a lokacin, ni kaɗai ta faɗa wa, ko Críspulo bai sani ba. Da ƙahon ya dawo hannunta, na ga ta dubi bututun, ta kama haɓar rigarta za ta goge.

"Ke, 'yar gidan wa?" in ji Ña Eduvigis. "Ƙanin mijin naki kuturu ne?"

Aka kwashe da dariya, har shi Wilfridon. Lidu ta saki rigar, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige, ta zuba, ta sha. An yi ta zagayawa har ganyen ya salamce.

Bayan kamar mako biyu ta yi ɗan zazzaɓi, gaɓoɓinta suka yi tsami, ƙuraje masu laushi suka feso mata a fuska da ƙirji. Tsohuwa ta dafa mata ganye, kafin Lahadi ta zagayo ta warke sarai, har ta je coci. Wa zai riƙe irin wannan a rai?

Aka haifi Zunilda 'yar mitsitsiya kamar 'yar kyanwa, da wani farin ɗigo a idon hagu. Yarinya ba rigima, kowa na yabo, wai Lidu ta yi dacen 'ya mai haƙuri. Sai daren bikin San Juan, ana harba wutar nan mai ƙara kamar bindiga, jariran unguwa duk sun tsandare da kuka, karnuka sun shige ƙarƙashin gado, ita kuwa Zunilda tana barcinta a kafaɗar uwa, ko gezau. Daga washegari na fara jin ƙarar murfin tukunya daga gidansu. Ƙwararam da safe, ƙwararam da rana. Na ɗauka sun fara dambe da Críspulo ne, na leƙa ta shinge don in raba, ko dai in kalla. Sai na ga Lidu ta zaunar da yarinyar a tabarma, ta lallaɓa ta bayanta, ta ɗaga murfi ta sake shi kan dandamalin bulo. Yarinya na ta wasa da yatsun ƙafarta. Lidu ta duƙa ta ɗauki murfin, ta sake ɗagawa.

Mutanen gari ba su sha wahalar neman dalili ba. Suka ce ta bar jaririya ita kaɗai a ragar lilo lokacin barcin rana, ɗan aljanin nan mai farin gashi da ke yawo da tsakar rana ya zo ya sumbace ta, ya tafi da jinta. Kowa ya san aikinsa ne. Ni na raka ta asibitin birni. Likitan ya duba ido, ya duba kunne, ya saurari ƙirji, sannan ya yi mata tambaya guda:

"Lokacin da cikin yake ƙarami, kin yi zazzaɓi da ƙuraje?"

Lidu ta ce ɗan kaɗan ne, bai ma kwantar da ita ba. Ya ce ai haka take, wata ƙaramar ƙyanda ce, tari da atishawa da yawu ke yaɗa ta. Ga babba ba komai ba ce, amma in ta sami mace a watannin farko, lokacin da ake ƙera wa ɗa kunne da ido da zuciya, sai ta shiga ta ɓata aikin. Ya ce idon za a iya taimakonsa, zuciyar da sauƙi, kunnen kuwa sai haƙuri. Muka hau mota muka dawo.

Da la'asar aka zauna gindin mangwaro. Wata jikar tsohuwa ce ke zubawa, ta miƙo mata.

"Na gode," in ji Lidu.

"Ba ki sha ba fa," in ji Ña Eduvigis.

"Na gode, Mama."

Da a kanta kaɗai ta tsaya, da an gaji an ƙyale ta. Ina! Duk inda ta ga mai ciki a da'ira, sai ta tsoma baki. A wani zaman makoki ta fizge ƙaho daga hannun 'yar wata matar unguwarmu, Ña Blásida, yarinyar na da ciki wata huɗu, saboda tsohon da ya sha kafinta yana ta kakin majina. Ña Blásida ta miƙe, ta riƙe ƙugu a gaban gawa:

"Au, mu ne ƙazamai ke nan? Kakanninmu da bututu ɗaya suka sha har suka mutu da haƙoransu. Ke da kika bar 'yarki aljani ya lashe, ke ce za ki koya mana tsabta?"

Lidu ta ajiye ƙahon a kan tebur, nesa da yarinyar, ta fita. Daga nan aka daina kiranta suna da biki. Wilfrido ya ji ana cewa wai ta ce shi ya kurmantar da 'yar wansa, ya ɗauke ƙafa daga gidan, alhali ni ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ko sau ɗaya. Críspulo ya rasa inda zai sa kansa tsakanin uwa da mata, ya tafi Buenos Aires aikin gini. Da fari yana zuwa Kirsimeti, daga baya sai gaisuwa a bakin masu dawowa, daga baya ita ma gaisuwar ta gaji. Tsohuwa ta koma wurin 'yarta, aka bar Lidu da yarinya da mangwaro.

Ni kaina na sha yi mata tas. Haushi take ba ni, tsakani da Allah. Mutum ya zo gidanki, ki ba shi nasa ƙahon daban kamar mai tarin fuka?

"Ke Lidu," na ce da ita wata rana ta saman shinge, "haka za ki ƙare kamar mayya? Ai kin ji nas ta ce yanzu an samo allurar rigakafin ƙyandar nan, an yi wa 'yan mata kaf."

"An samo ta wannan," in ji ta. "Ta gobe fa?"

Na ce lallai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ta ce in bar ta da tsummanta.

Mutum ɗaya tak take haɗa baki da shi, Zunilda. Kullum da asuba, sa'ad da nake hura tanderu, ina hango su a ƙofar kicin, kaskon gawayi a tsakani, buta na tururi, suna shan mate, wato tereren da ake zuba wa ruwan zafi. Ba wanda ya koya musu maganar hannu, su suka ƙago abarsu. Kowa a unguwa da sunan da suka raɗa masa. Ña Blásida hannu ne a ƙugu. Ni kuwa yatsu huɗu ne da babban yatsa suna buɗewa suna rufewa kamar bakin agwagwa, kuma marasa kunyar a gabana suke yi. Ƙahon kansa hira ne a wurinsu. In Zunilda ta riƙe shi ta daɗe, akwai abin da ke damunta. In uwar ta cika shi har ya tumbatsa, ban haƙuri take yi. Sai su yi awa guda ba ka jin komai sai ƙarar bututu da wata dariya ta Zunilda, mai fita ba linzami, don ba ta san ƙarfinta ba.

Abu ɗaya ne Lidu ba ta taɓa faɗa mata ba, yadda aka yi ta kurmance. Yarinya ta tashi da labarin aljani, yara suka kwatanta mata, har alfahari take da shi, ta yi masa alama, yatsa a leɓe sannan a kunne. Na ce wa Lidu ta gaya mata gaskiya mana. Ta dubi tafukan hannunta ta ce, "Da wane hannu?" Karatun leɓe kuwa Zunilda ba ta yi nisa ba, amma akwai kalmar da ko daga ƙarshen layi za ta gane, don ta ga uwarta na faɗa wa duniya ita tun tana goye. Takan kwaikwaye ta, ta tsuke baki, ta ɗaga hanci, ta yi "na gode" ba murya, har Lidu ta jefe ta da ɓawon rogo.

Da ta zama budurwa wasu masu hidimar coci suka kai ta makarantar kurame a Asunción. Ta koyi ɗinki, ta koyi maganar hannu irin ta birni, ta auri wani kurma mai gyaran takalma, Derlis, yaron kirki. Nan ne Lidu ta san zaman kaɗaici na gaske. Asuba ta yi, ta hura kasko, ta fito da kujeru biyu don hannu ya saba, ta zuba ta sha, ta zuba ta sha. Wani lokaci sai in ga hannun ya miƙa wajen kujerar da ba kowa, ya tsaya a iska, ya dawo. Muryarta ma ta yi tsatsa don rashin amfani. Kajinta da hannu take yi musu faɗa. Abin yana sosa min rai, amma in na ce ta tsallako mu sha tare, amsar dai ita ce.

Sai shekarar murar nan mai kisa, da aka rufe makarantu a tsakiyar sanyi. Rediyo ya yi ta shela kowa ya riƙe ƙahonsa, a daina haɗa bututu. Maza a gindin bishiya suka ce, "Kun ji, Ña Na-gode ta sami aiki a gidan rediyo," suka ci gaba da zagaya abinsu. Nas ɗinmu ta bi gida gida tana cewa masu ciki su fi kowa kiyayewa, don in ta kama su ƙirji take sauka, zazzaɓin ya tayar da naƙuda kafin lokaci, ko ɗan ya mutu a ciki. A daidai lokacin Zunilda na da ciki wata bakwai, bayan shekaru suna nema har sun fara fid da rai. Derlis ya ga yadda ake kwasar mutane a unguwarsu, ya sako ta a mota ya kawo ta gida.

Kai, ban taɓa ganin Lidu haka ba. Ta shafe ɗaki da farar ƙasa, ta yanka kaza, ta ɗaure ƙofar shinge da waya, ko ni sai daga nesa. Ita ke zuwa kasuwa, ita ke bin layi a ɗakin shan magani ta karɓo wa Zunilda ƙwayoyin ƙarin jini, tsakiyar masu tari da atishawa. Da asuba kuwa kujera ta biyu ta sami mai ita, dariyar nan ta dawo unguwa.

Wata asuba ina jera chipa sai na ji tari daga bayan gidansu, busasshe, kamar ana faskare. Na leƙa. Lidu ce tsugune bayan akurkin kaji, ƙudundune da bargo, ta toshe baki da shi. Ta hango ni, ta ɗaga hannu kada in matso. Idanunta sun kaɗa, haƙoranta na haɗuwa.

"Felicita, ki ɗauke min ita. Yau, yanzu. Ki kai ta wurin yayarki."

Yayata Gumersinda na can rugar shanu bayan gari, a wurinta nake sayen cuku kowace safiya.

"To ki faɗa mata ba ki da lafiya mana."

"Ke ba ki san ta ba? In ta sani, a ƙafafuna za ta kwana. Ko da igiya ba za ki ja ta ba." Ta sake yin tari har ta dafa ƙasa. "Jiya ma bututu ɗaya muka sha. Wayyo Allah, jiya ma. Ki rantse ba za ki faɗa mata ba."

Na rantse, me zan yi? Muna cikin haka Zunilda ta fito daga kicin da buta, ciki a gaba, ta zauna da ƙyar, ta zuba, ta miƙa wa uwar ƙaho tana murmushi. Lidu ta miƙe tsaye, ta yar da bargon don kada a gane, ta tsaya can nesa. Ba ta ɗaga hannu ta yi maganarsu ba. Da baki ta faɗa, a hankali, yadda leɓe zai fito sosai.

"Na gode."

Zunilda ta fashe da dariya, ta ɗauka wasan nan nasu ne, ta tsuke baki ta kwaikwaye ta, ta sake miƙawa. Lidu ta maimaita. Dariyar ta tsaya. Uwar ta shiga ɗaki, ta fito da jakar yarinyar ta ajiye a bakin shinge, sannan ta yi alamu uku da ko ni na gane: na gaji, tafi, bakin agwagwa. Ta koma ciki ta sa sakata. Ƙofar na rufuwa tarin da ta danne ya ƙwace mata, ya yi ta fita kamar ƙirjin zai tsage, har karen maƙwabta ya kama haushi. Zunilda na tsaye dab da ƙofar, ƙaho a hannu yana tururi, tana kallon katako. Ba ta ji komai ba. Ni da nake ji, ji na yi kamar in kurma ihu.

Na kai ta ruga a keken shanun mijin Gumersinda. Duk hanya ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe ciki da hannu biyu. Kullum in na je ɗaukar cuku sai ta tare ni, ta nuna ƙirjinta, ta buɗe tafuka: me na yi? Ni da garin nan kaf ya san bakina ba ya riƙe ruwa, sai ga shi Allah ya haɗa ni da sirrin da ko na so faɗa, hannuna bebe ne. Sai in shafa mata kai, in taɓa goshinta kamar wasa, ina auna ko da zafi.

In na dawo, in ɗora kwanon miyar kaza a kan doguwar sandar katakon da nake zura chipa cikin tanderu, in tura wa Lidu ta taga, don ta hana ni shiga. Ba ta tambayar komai sai abu ɗaya, da muryar da ba ta fi ta sauro ba:

"Ta yi tari?"

"Ba ta yi ba."

"Jikinta da zafi?"

"Sanyi ƙalau. Ke dai ki sha miyar nan, kin zama kamar tsinke."

Ranar da na kira ta ba ta amsa ba, na ce rantsuwar ba ta kai nan ba, na ɗauko nas, muka ɓalle sakata. Aka kai ta asibitin birni, aka sa mata robar iska a hanci. Ta daɗe a can, ba mai zuwa dubiya sai ni, ni ma ta bayan gilashi. Ko a can, in ta buɗe ido ta gan ni, sai ta dafa cikinta ta ɗaga gira. In girgiza kai, in ɗaga mata babban yatsa, ta mayar da ido ta rufe. Zunilda ba ta kamu ba, Allah ya tsare. Da aka sallamo Lidu ta ce kada a kawo yarinyar sai tarin ya ɗauke ƙaf, shi kuwa ya yi ta jan ƙafa har sanyi ya fara wucewa.

Kafin nan Zunilda ta haihu, namiji, watanninsa cif, ƙato kamar ɗan maraƙi. Ba ta aika wa uwar ba. Derlis ya zo, suka shirya komawa Asunción kai tsaye daga ruga. Sun manta motar birni a gaban kwandona take tsayawa. Na gan su tsaye da kaya, zuciya ta kawo min wuya, na bar chipa a bakin titi, na kama hannun 'yar baftismata na ja. Ta turje, na zare mata ido. Ba a buƙatar maganar hannu a gane Felicita ta fusata.

Lidu na zaune gindin mangwaro tana shan hantsi, ƙaho a cinya, ta rame har wuyanta ya yi zurfi. Zunilda ta tsaya daga cikin shinge kaɗan, ta rungume ɗanta, fuska a ɗaure, ta ƙi kallon uwar. Ba wanda ya gaida wani. Lidu ta dubi jaririn ta daɗe, sannan ta ajiye ƙaho, ta miƙe tana dafa bango, ta shiga kicin. Ta fito da murfin tukunya, tsohon nan da ya lanƙwashe ta ko'ina. Ina ganinsa na gane abin da za ta yi. Ta zagaya ta bayan Zunilda, ta ɗaga shi da hannu biyu, ta sake kan dandamali.

Ƙwararam!

Yaro ya zabura, ya watsa hannuwa, ya tsala ihun da ya tashi kaji. Zunilda ba ta ji murfi ba, ba ta ji ihu ba, zaburar ɗan ta ji a ƙirjinta. Ta juya a firgice, ta ga murfi na gangarawa, ta ga uwarta zaune daɓas a ƙasa, baki buɗe. Ni ce na ji abin da ke fita daga bakin.

"Yana ji! Felicita, yana ji! Kin gani? Yana ji!"

Tun da nake da ita ban taɓa jin ta ɗaga murya haka ba. Sai kuka, irin na yara, har da shessheƙa.

Zunilda ta miƙo min jaririn, ta durƙusa gabanta, ta buɗe tafuka. Lidu ta goge ido, ta dubi hannuwanta kamar ba nata ba. Ta janyo ƙahon, ta nuna bututu. Ta dafa maƙogwaro ta kwatanta tari. Ta dafa cikinta, ta nuna ƙanƙantarsa da yatsu biyu. Sannan ta miƙa hannu a hankali ta taɓa kunnen Zunilda. Yarinyar ta sa yatsa a leɓe sannan a kunne, alamar aljaninta, tana tambaya. Uwar ta girgiza kai. Ta sake dafa maƙogwaro, ta nuna ƙofar da ta rufe ranar nan, ta nuna cikin Zunilda, ta nuna yaron da ke tsala kuka a hannuna.

Ban san iya lokacin da suka ɗauka suna kallon juna ba. Derlis na bakin shinge, hula a hannu, motar birni ta zo ta yi ta hon ta wuce. Zunilda ta ɗauki ƙahon, ta gyara ganyen da babban yatsa yadda aka koya mata, ta zuba, ta sha. Ta sake zubawa, ta cika shi har ya tumbatsa ya jiƙa mata hannu, ta miƙa. Na ga leɓen Lidu sun fara tsukewa da kansu, sabo ya riga tunani, kalmar ta kawo bakin ƙofa. Zunilda ta sa tafin hannu ta rufe mata baki. Ta riƙe shi a nan har kafaɗun tsohuwar suka sauka, sannan ta cire, ta kafa mata bututun. Lidu ta zuƙa har ya yi ƙara.

Washegari suka tafi, aiki na jiran Derlis. Suna zuwa Kirsimeti da Makon Tsarki, yaron ya girma, surutu kamar ni na haife shi, shi ke fassara tsakanin iyayensa da duniya. Sauran kwanakin shekara kuwa, asuba ta yi Lidu ta hura kasko, ta fito da kujeru biyu. Chipar da na bari a bakin titi ranar, karnuka suka raba, har yau ba wanda ya yi min jaje. Jiya ma na miƙa mata ƙahona ta saman shinge, don tsokana. Ta dube ni, ta dubi bututun, ta ce na gode.